Dalmar Rigar Iya Larai

Ladi ce ta jawo wannan labari. Ranar nan ina yanka wani yadi a kan tebur na ji tana gaya wa sauran apranti, wato 'yan koyon ɗinki na shagona, cewa rigar baftismarta ita za ta ɗinka abarta, kuma kafin la'asar ta gama. Wai me ke cikinta, ai buhu ne aka yi wa wuya da hannu. Suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Ban tanka ba, don ni ba na magana da almakashi a hannu. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To Ladi, tunda ke ce za ki shiga ruwa a bikin Istan nan, ku kuma sauran tunda farar riga ta zama abin wasa a wurinku, ga abin da na sani game da buhun naku.

Na zo Kwatano ina amarya, daga wani ƙauye a arewacin Najeriya. Maigidana gadi yake yi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, muka kama ɗaki a nan unguwar Zango domin nan ne ake jin Hausa. Mu Kirista ne tun daga gida. A lokacin masu bi da ke jin Hausa ba mu da yawa, wata 'yar majami'a ta langa-langa a unguwar Zogbo ita ke ɗauke mu duka, har benci ya yi saura. Zaman banza ya ishe ni, sai maigidan ya kai ni wurin Hajiya Balaraba in koyi ɗinki. Hajiya haifaffiyar Zango ce, kakanninta fataken goro ne. Faɗa da Hausa take yi, ciniki da yaren Fon, in ma'aikatan haraji sun zo ta juye Faransanci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Addininki naki ne, 'yar nan. Juma'a ana rufe atelye, wato shago, da azahar, Lahadi kuma na bar miki. Sauran ranakun ni ke da su."

Ku yanzu daga zuwanku sai ku fara hararar keke mai kuran, wato na lantarki. Ni shekarar farko ko taka keke ban yi ba. Shara, hura gawayin dutsen guga, ɗinka maɓalli, warware ɗinkin da manya suka ɓata, aikina ke nan. Keken Hajiya baƙi ne, na ƙafa, zanen jikinsa duk ya goge saboda tafin hannu. In tana takawa, daga ƙararsa za ka san ko ranta a ɓace yake. Almakashinta kuwa da ɗan jan ƙyalle ɗaure a kunnensa, wadda ta kuskura ta yanka takarda da shi ranar sai ta gwammace ba ta zo ba. Shi ne wannan da kuke gani a kan tebur. Ita ta ba ni ranar liberasiyo, ranar da aka yaye ni aka ce na zama tela.

Rigar baftisma ta farko da ta shigo shagon Hajiya, ni na kawo aikinta. Fastonmu ya ji ina koyon ɗinki, ya ba ni farin yadi ya ce a ɗinka wa wasu mata da za a yi wa baftisma. Na kai ina ɗari-ɗari, ina tsoron ta ce aikin coci ba da ita ba. Ba ta ce haka ba. Tambaya ta yi, yaya ake yin abin? Na ce ana shiga ruwa ne har ƙirji, fasto ya kwantar da mutum ta baya, ya nutsar da shi, ya ɗago shi.

"Har kai?"

"Har kai, Hajiya."

"Maza na wurin?"

"Kowa na wurin."

Can ta ce in ɗebo ruwa a kwano. Ta yanki ɗan gefen yadin, ta tsoma, ta shimfiɗa a tafin hannunta. Lallen da ke tafin ya fito ja wur, har zanen hannu ana gani. Ta miƙo mini hannun har hanci ta ce, "Mayar wa malaminku yadinsa. Ki ce masa matan da zai tsoma 'ya'yan mutane ne." Tun daga ranar ba farin yadin da ya shiga ƙarƙashin allurata ba a yi masa wannan gwaji ba. Shi ya sa kullum kuke ganina da lalle a hannu. Ba kwalliya ba ce, wa zai kalle ni yanzu.

Aka sake yadi, aka sayo alawayyo mai kauri, muka yi masa shafi daga ciki. Na ce shi ke nan an gama. Hajiya ta ce in sa rigar in shiga duron ruwan sama da ke bayan gida. Na shiga. Ina shiga rigar ta kumbura da iska, ta taso ta yi mini laima, gindinta ya dawo wuyana. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina tsaye a duro kamar in nutse don kunya. Da ta share hawaye ta aika wurin masunta can bakin tafki bayan kasuwar Tokpa, aka sayo 'yan dunƙulen dalma irin waɗanda suke matsewa a bakin koma, ragarsu ta kamun kifi, don ta nutse. Muka daddake su da guduma suka yi faɗi, muka naɗe kowanne a ƙyalle, muka jera su cikin kalmasar gindin riga, muka ɗinke kowanne a wurinsa don kada su taru gefe guda. A hammata kuma ta bar 'yar ƙofa a ɓoye cikin ninki, inda iska za ta fita. Zif ba a sawa, ruwan nan da gishiri, tsatsa zai ci shi ya ɓata farin. Wuya a tsuke, ƙirji a sake, don mai tsoro yana bukatar wurin numfashi. Na sake shiga duro, rigar ta bi ni ƙasa lafiya lau.

Waɗannan shekarun ina kewarsu. Bayan na buɗe nawa shagon, duk gabanin Ista sai igiyar shanyata ta cika da fararen riguna daga wannan bango zuwa wancan. Ana kiran azahar daga babban masallaci, iska na kaɗa su, maƙwabta na wucewa suna tsokana, "Maman Bitrus, bana mutum nawa za ku wanke?" Ni ma in ce a kawo mini ɗinkin Sallah da wuri, kada a zo ana mini kuka ranar jajibiri. Masu zuwa awo kuwa, ba awo kaɗai ke kawo su ba. Sabon mai bi yana jin nauyin fasto, amma tela da igiyar awo a wuya ba wanda ke jin nauyinta. Ina auna kafaɗa ana yi mini tambayar da aka kasa yi a aji. Na amsa wanda na sani, wanda ban sani ba in ce a koma wurin fasto. Da haka na gane rabin aikin nan da baki ake yin sa.

Sai ga shekarar da aka rufe iyakar Najeriya. Ku wasunku kuna yara, ba za ku tuna yadda Zango ta yi tsit ba. Manyan motoci suka jeru ba lodi, masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, wasu teloli suka sayar da kekunansu suka koma tuƙa zem, baburan haya. Abin da ya fi damuna shi ne alawayyo, don daga Najeriya yake zuwa mana. Ya ɓace ɓat. Abin da ya rage a kasuwar Misebo wani fari ne mai santsi, mai sheƙi, a ido kamar na amarya. Na jiƙa shi a hannu, ba lalle kaɗai ba, har tabon ƙunar da na yi ina yarinya ya nuna. Na ce ni ba zan ɗinka ba. Aka kai wa wani tela a wata unguwa, shi bai taɓa ganin baftisma ba, ya ɗinka abin da aka ce ya ɗinka.

Ranar baftismar wata budurwa ta fito daga ruwa, rigar ta manne mata kamar ba ta sa komai ba. Matan zumuntar coci suka ruga da zannuwa, amma kafin su kai, samarin da ke kan kwale-kwale sun riga sun yi ihu da fito. Yarinyar nan ta daɗe ba ta sake taka majami'a ba. Cikin masu kallo a bakin ruwa ranar akwai Iya Larai.

Iya Larai tsohuwa ce mai suyar ƙosai a kwanar layinmu. Bamagujiya ce, ta tsufa a kan al'adar iyayenta. Da mijinta ya rasu 'yarta ta ɗauko ta daga ƙauye, don 'yar tana aure a nan Zango, tana auren Malam Sale direba, Musulmi, mutumin kirki. Iya ta fara bin wata maƙwabciya zuwa majami'a don jin waƙa, daga jin waƙa ta tsaya jin wa'azi, wata Lahadi ta miƙe da kanta ta ce ta ba da gaskiya ga Yesu. Malam Sale da aka gaya masa cewa ya yi, "Iya ba yarinya ba ce. Ni dai surukata ce, a gidana take, ba abin da zai canja." Aka sa ta ajin masu shirin baftisma. Amma yawancin karatunta a kan wancan bencin ta yi shi, wanda kuke ɗora jakunkunanku. In ta tashi daga suya sai ta zo da ragowar ƙosai a takarda ta zauna.

"Maman Bitrus, ni fa har yanzu ban gane inda kuke fuskanta ba in za ku yi addu'a."

"Ko'ina, Iya. Yana ji."

"Sau nawa a yini?"

"Ba a ƙayyade mana ba. Ki fara da safe kafin ki hura wuta, ki rufe da shi kafin ki kwanta. Tsakani in abu ya taso, ki gaya masa."

"Da wane baki? Ni ban iya irin maganar fasto ba."

"Da bakin da kike sayar da ƙosai."

Ta yi dariya ta ce ai wannan bakin da zagi a cikinsa. Na ce to ta rage zagin, sauran ya isa. Wata rana ta tambaye ni naman layyar surukinta fa, ya halatta? Na ce ta ci ta sa masa albarka, Kirsimeti kuma ta dafa shinkafa ta aika wa maƙwabta. Na ce mata sabon mai bi yakan yi zafin kai, ya ga kamar sai ya ɓata da kowa sannan ya cika Kirista. Mutanen da suka ba ki ɗaki jiya, yau ma su ne mutanenki, gaisuwarki ma ƙaruwa ya kamata ta yi. Karatu kuwa, tunda ba ta iya ba, na ce ta riƙa zama a gaba ranar Lahadi, ta kama magana ɗaya tak ta zo da ita gida, ta yi ta juya ta har mako ya zagayo. Haka ta riƙa yi, kuma ta fi masu karatun riƙewa. Guraye da layun da ta zo da su daga ƙauye, ba wanda ya ce ta kawo. Ita ta ƙulle su a tsumma ta kai wa fasto, ta dawo ta ce mini ƙugunta ya yi sakayau.

Bayan abin da ya faru da budurwar nan, Iya ta zo ta zauna a benci, ba ƙosai a hannu. Ta ce ta fasa.

Na ce, "Bin Yesu kika fasa?"

"A'a. Ruwan na fasa. Ke kika ce ruwan ba magani ba ne, shaida ce."

"Shaida ce, Iya. Kin tsaya a gaban mutane kin ce ga wanda kike bi."

"To na ga abin da mutane suke gani. Ga shi Malam ya ce shi zai kai ni a motarsa, don gwiwata ba ta hawa zem. In tsaya gaban mijin 'yata kamar an fige kaza? Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba?"

Gaskiyarta ce. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san tana so. In ana waƙar masu shiga ruwa sai in ga bakinta na motsi. Fasto ya ce a yi mata a gida, a tsakar gida, mata kaɗai. Ta ce shaidar da aka yi a ɓoye wa ta shaida wa? Na ce in ɗinka mata da yadi mai launi, mai duhu. Ta ce kowa da fari ita kaɗai kamar mai takaba? Sai na shiga neman alawayyo. Na zaga Misebo, na zaga Tokpa, na kai har kasuwar Sainte-Rita, da gorar ruwa a jaka. Duk rumfar da na tsaya sai in roƙi ɗan ƙyalle in jiƙa a hannu. 'Yan kasuwa har sun sa mini suna Hajiya Mai Ruwa. Na gwada ninka mai santsin nan, ya rufe launi amma yana mannewa, duk siffar mutum a fili. Ista na matsowa, aka fara kiran sunayen masu shiga ruwa, na Iya ba ya ciki.

Wata safiya tun ban gama shara ba sai ga ta da ƙunshi a ka. Ta sauke a kan tebur ta kwance. Farin saƙi ne, saƙar hannu, ƙwarya-ƙwarya, wato siraran fallayen saƙa, an harhaɗa, ya ɗan yi ruwan madara saboda daɗewa, yana ƙanshin hayaƙi da kanumfari. Ban taɓa riƙe yadi mai kauri irinsa ba. Ta ce uwarta ce ta kaɗa audugar, masaƙin garinsu ya saƙa. Ta ajiye shi ne don ranar da za a rufe ta. Da za ta baro ƙauye tukwane ta bari, akuya ta bari, shi ta ɗauko.

Ta ce, "An koya mana a aji cewa mai shiga ruwa, tsohon halinsa ake binnewa tare da Almasihu, ya tashi sabo. Na san ba mutuwa zan yi a ruwan ba, kada ki ce tsufa ya ruɗa ni. Amma na duba, in akwai ranar da ta cancanci zanen nan kafin waccan, to wannan ce."

Na ce, "Iya, in na sa almakashi an gama. Ba ya komawa zane. Ga ki a ƙasar mutane, irinsa kuma ba a sayarwa."

"Shi ma wanda zan bi, an ce a zanen wani aka naɗe shi, a kabarin wani aka sa shi. Yanka, 'yar nan."

Ban yanka ba. Na naɗe shi na tafi wurin Hajiya Balaraba. Lokacin ta daina ɗinki, idonta ya yi rauni, tana zaune a barandarta da carbi. Na ɗora mata a cinya. Ta shafa, ta murza gefensa da yatsu, ta kai hanci. Ta ce, "Wannan ba na kasuwa ba ne. Na ajiya ne. Mai shi ta san in an yanka an yanka?" Na ba ta labari duka. Ta jima tana shafa shi, sannan ta koma Hajiyar da na sani. Ta ce in fara jiƙa shi ya kwana a ruwa ya bushe, don saƙi yana tsukewa, in na auna shi a haka rigar za ta dawo ta jikarta. Ta ce saƙi yana zarewa, kada in sa almakashi sai na bi layin alli da ɗinki ta gefe da gefe, in yanka a tsakani. Ta ce in ya sha ruwa nauyinsa ya isa ya durƙusar da tsohuwa, don haka ba shafi, tsawo kada ya wuce idon sawu, dalma kuma kaɗan. Ta sa aka ɗauko mata wani tsohon gwangwanin madara, ta zazzage dalmar da ke ciki a tafinta, ta zaɓo ƙanana da yatsa, irin waɗanda muka daddake tare tun ina apranti. Sannan ta ce a kawo ruwa a kwano. Ta jiƙa gefen, ta ɗora a hannunta ta miƙo mini.

"Ni ba na gani. Me kika gani?"

"Ba komai, Hajiya. Fari kawai."

"To je ki yanka. Ki yi bisimilla irin taku."

Na yanka yadi iri-iri a rayuwata, har leshin da kuɗinsa ya fi kekena. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na yi addu'a, na sa almakashi, ƙarar da ya yi a cikin saƙin nan har yau tana kunnena. Yawancin ɗinkin da hannu na yi, don allurar keke tana tsallake a kan gaɓar ƙwarya. Ko ƙyallen da ya ragu ban zubar ba, da shi na naɗe dalmar.

Saura tsoron ruwa. Iya ba ta taɓa sa kanta cikin ruwa ba, garinsu rijiya ce kawai. Sai muka riƙa gwadawa a bayan shago da babban baho. Na koya mata abin da nake koya wa kowa, Ladi ke ma ki riƙe. Ki toshe hanci da hannun dama, ki kama wuyan hannun da na hagu, nan fasto zai riƙe. Ki ja numfashi lokacin da ya fara ambaton sunan Uba, kada ki jira ya kai ƙarshe. Kada ki taimake shi, kada ki yi ƙoƙarin tashi da kanki, ki saki jiki, wanda ya kwantar da ke shi zai ɗago ki. Iya ta tsoma fuska a baho ta ɗago tana tari tana cewa wannan addini da wahala yake. Muka yi ta yi har ta daina tarin.

Ranar Ista da safe muka taru a bakin tafki. Malam Sale ya kawo ta har bakin yashi, ya buɗe mata ƙofa, sannan ya koma ya juya wa ruwa baya, ya kafa wa tayar motarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Masunta na nan a kwale-kwalensu, har da samarin nan. Iya ta shiga a hankali, wani dattijon ikilisiya na riƙe da hannunta. Ni ba fuskarta nake kallo ba, gindin rigar nake kallo. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, rigar ta bi ta ƙasa, ko motsi ba ta yi ba. Fasto ya tambaye ta ko ta ba da gaskiya, ta amsa da muryar da take kiran masu ƙosai, har na kan kwale-kwale suka ji. Ya kwantar da ita, ruwa ya rufe, ya ɗago ta.

Matan zumunta suka yo kanta da zannuwa a buɗe. Ta ɗaga musu hannu ta ce, "Ku bari. A rufe nake." Ta tako da ƙafarta har yashi, ruwa na zuba daga saƙin, yana tsaye a jikinta kamar bango. Ba wanda ya yi fito. Na je kusa da mota na ce, "Malam Sale, juyo, ba abin da za ka gani sai tsohuwa." Ya juyo, ya cire hula ya durƙusa ya ce, "Sannu Iya. Sannu da ruwa." Ita kuma ta kau da kai gefe, irin na surukai, tana murmushi. Na yi kuka ranar, ban ɓoye ba.

Iya ta yi shekarunta tana zama a bencin gaba. Budurwar nan da ta gudu, Iya ce ta yi ta kai mata ƙosai har gida, ba wa'azi ba komai, sai da ta dawo da ita. Hajiya ta riga ta rasuwa. Iya kuma daminar bara ta kwanta, ciwon bai daɗe ba ta cika.

Da safe 'yarta ta shigo shagon nan da ƙunshi, wasunku na nan amma ba ku san mene ne ba. Ta ce Malam ya sayo sabon farin yadi tun da asuba, mai kyau, amma Iya ta bar magana cewa a rigarta za a sa ta. Ta ce in taimaka in goge. Na shimfiɗa rigar a kan tebur ɗin nan, na hura gawayi, don ban yarda in sa mata na kuran ba. Ina kaiwa gindi dutsen guga ya yi karo da dalma. Na tsaya. Na ajiye dutsen, na ɗauki reza na fara warware kalmasar. 'Yar ta ce, "Maman Bitrus, lafiya?" Na ce lafiya. Dalma aikinta ta riƙe riga a ƙasa. Iya kuwa mun sa ta ne da begen za ta tashi, ban ga dalilin da zan bar mata abin da zai riƙe ta ba. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, na mayar da kalmasar da hannu yadda take, na goge, na naɗe na ba ta.

Suna nan cikin gwangwanin madarar da ke kan kantar shagon nan, wanda kullum kuke cewa in zubar. Su za a sa a gindin rigarki, Ladi. Ke za ki ɗinka abarki, na yarda, amma ba kafin la'asar ba. Je ki ɗebo ruwa a kwano, ki zo da yadin naki. Ga hannuna.